Shekarar da Agwagi Suka Ɓace: Gubar Dalma a Zamfara da Darasin Kimiyya a Tsakar Gida

A farkon shekarar 2010, agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan yammacin Zamfara. Waɗanda aka saba gani a bakin kududdufi suna tsoma baki cikin laka, sai aka wayi gari suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun lura, domin ba abin da ke ɓuya a ƙauye, amma ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Kaji da agwagi sukan mutu idan annobarsu ta zo, kuma magidancin da ke neman abin kai wa bakin salati ba ya zaman makokin agwagwa. Sai bayan watanni, da masu bincike suka iso suna tambayar abin da ya sauya a garuruwan, aka tuna da zancen. A lokacin kuwa an riga an binne yara masu yawa.

Idan aka yi maganar koya wa ƙananan yara kimiyya a gida, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne gidajen masu hali a birni, da littattafai masu hotuna, da kayan gwaji na sayarwa. Tarihin abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ya nuna cewa maganar ta wuce ado. A can, tsakar gida ce ta zama masana'anta, yara ne suka fi kowa kusa da ƙasa, kuma tambayar da ba a yi da wuri ba, wato me ke cikin wannan ƙurar, ita ce ta raba rayuwa da mutuwa.

Zinariya a ƙasar Anka

Anka tsohon gari ne mai daraja. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri, har ta zauna a Anka a ƙarni na 19, kuma har yau can ne mazaunin Sarkin Zamfara. Ƙasar da ke kewaye da ita, zuwa Bukkuyum da Gummi, ƙasar noma da kiwo ce: gero da dawa, wake da gyaɗa, da fadamun da Gulbin Zamfara ke shayarwa. A ƙarƙashin gonakin kuwa akwai jijiyoyin farin dutse masu ɗauke da zinariya, irin waɗanda ake samu a Maru da Birnin Gwari da Yauri.

Turawan mulkin mallaka sun san da su. Haƙar zinariya a Arewacin Najeriya ta yi tashe a shekarun 1930, sannan ta ja baya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan tafiyar kamfanoni, sana'ar ta koma hannun 'yan ƙasa, suna yi da rani idan an gama aikin gona, yawanci ta hanyar wanke yashi a bakin rafi.

Abin da ya sauya lissafi kasuwar duniya ce. A shekarar 2001, oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dala 300 ba. A 2008, shekarar da tattalin arzikin duniya ya girgiza, ta haura dala 1,000, kuma a 2010 ta wuce 1,200. Wannan tashi ya isa har Dareta da Abare da Sunke. Manomin da amfanin gonarsa ba ya kai shi ƙarshen shekara ya ga cewa buhun dutse zai iya kawo masa abin da damina ba ta kawo ba. Ba wauta ba ce ta kai mutane ramuka. Lissafi ne na mai iyali, kuma bisa abin da suka sani, lissafin daidai yake.

Yadda dutse ya shigo gida

Zinariyar da ke cikin dutse ba ta fitowa sai an mayar da dutsen gari. Ana fasa shi da guduma, a daka a turmi ko a niƙa a inji, a wanke garin da ruwa domin mai nauyi ya kwanta, a haɗa abin da ya kwanta da zaiba domin ta kama zinariyar, sannan a ƙona zaibar ta tashi. Kowane mataki yana buƙatar hannu, kuma hannuwa suna gida. Matan aure da ba sa fita sun samu sana'ar da ta iske su har ɗaki. Kayan aikin ma ba baƙi ba ne: turmi da taɓarya, da injin da ake niƙa hatsi, da buhuna, da tabarmar shanya. Ga kuma tsaro, domin dutse mai daraja ya fi kwanciyar hankali a cikin katanga.

Sai aka faɗa kan jijiyar da ta bambanta da sauran. Dutsenta yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, kuma binciken da masana duwatsu na gwamnatin Amurka suka yi daga baya ya nuna cewa ruwa da iska sun daɗe da sauya wani kaso na wannan dalma zuwa nau'in da ruwan ciki ke narkarwa cikin sauƙi. A ido, dutse dutse ne. Da aka niƙa shi a bushe, ƙurarsa ta bi iska ta kwanta a kan ƙasar tsakar gida, da shanyar hatsi, da bakin randa, da tufafi. Babba yana tsaye, yana aiki, yana wanke hannu ya ci abinci. Yaro mai rarrafe kuwa duniyarsa ƙasa ce, kuma hanyarsa ta sanin abu ita ce ya kai shi baki. Wannan ɗabi'a ta bincike, wadda da ita kowane ɗan Adam ya fara koyon duniya, ita ce ƙofar da gubar ta bi.

Watan Maris na 2010

A watan Maris, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau suka ji labarin yawan mutuwar yara a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Alamomin sun yi kama da abin da aka sani: amai, ciwon ciki, kasala, sannan jijjiga da fita hayyaci. Lokacin zafi ne, lokacin sanƙarau, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ba ya yankewa. Aka ba da maganin waɗannan cututtuka, yaran ba su farfaɗo ba. Wannan rashin jin magani shi ya sa likitocin suka waiwayi injinan niƙa da ke ruri a cikin gari. Aka ɗebi jinin yara takwas aka aika wani ɗakin gwaji a Jamus.

Ana auna dalma a jini da maikirogiram a cikin kowace desilita. A wancan lokaci, 10 ita ce iyakar da ake ɗaga hankali a kanta, kuma idan yaro ya kai 45 ana fara ba shi maganin fitar da gubar. Sakamakon yaran takwas ya kama daga 168 zuwa 370.

A watan Mayu, tawagar Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. A gidaje 119, sun tarar cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu sun yi jijjiga kafin su cika. Cikin yara 204 da aka gwada jininsu, babu ko ɗaya da ya kuɓuta, kuma kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da ke buƙatar magani. Kusan biyu cikin uku na gidajen suna sarrafa dutse a cikin gida. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kashi 400 cikin miliyan. A wasu wurare an samu sama da 100,000, ma'ana fiye da ɗaya bisa goma na ƙasar dalma ce. Yaran da suka rasu a wannan annoba sun haura 400.

Abin da dalma ke yi wa jiki

Jikin mutum ba ya da amfanin da yake yi da dalma ko kaɗan. Matsalar ita ce tana kama da sinadarin da jiki ke gina ƙashi da haƙora da shi, wanda kuma jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Jiki yakan karɓe ta bisa kuskure, ya kai ta ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ya taskace sauran a ƙashi na tsawon shekaru. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, kuma yaron da ke fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki ya fi tsotsa. Macen da ta tara dalma a ƙashi tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta.

Idan ta yi yawa, ƙwaƙwalwa takan kumbura, sai jijjiga, sai suma. Idan kaɗan ce, ba a ganin komai: yaro yana gudu yana wasa, amma an rage masa wani abu daga kaifin fahimta da natsuwa, kuma ba ya dawowa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

An taɓa yin haka a wasu wurare

A ƙarshen ƙarni na 19, likitoci a birnin Brisbane na Ostareliya sun yi ta ganin yara da shanyewar ƙafa da ciwon ido da jijjiga. Sun gane dalma ce, amma sun shafe shekaru suna neman inda take fitowa. A 1904, wani likitan ido mai suna Lockhart Gibson ya nuna cewa fentin da aka shafa wa bango da shingen barandar gidaje ne: zafin rana yana mayar da shi gari, yara suna shafa, sannan su tsotsi yatsa ko su ciji farce. Bai gano wannan da wata babbar na'ura ba. Ya kalli inda yara ke wuni, ya kalli abin da suke yi da hannuwansu.

A 1979, wani likitan yara a Amurka, Herbert Needleman, ya wallafa binciken da aka yi da haƙoran famfara da yaran firamare na yankin Boston suka kawo wa malamansu. Ya nuna cewa yaran da haƙoransu suka fi dalma sun fi rauni a gwajin fahimta da natsuwa a aji, ko da ba su taɓa kwanciya ciwo ba. Irin wannan bincike ya taimaka wajen cire dalma daga man fetur, aikin da bai kammala a duniya ba sai a 2021, lokacin da Aljeriya ta daina sayar da irinsa. Kusa da mu kuma, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke wajen Dakar, inda mata ke tankaɗe ƙasar da aka daɗe ana fasa tsofaffin baturan mota a kanta, suna tsintar dalma suna sayarwa. A duk wuraren nan, gubar ba daga nesa ta zo ba. A cikin gida take, a tsayin gwiwar babba.

Kankare ƙasa

Maganin da MSF ta riƙa bai wa yaran a asibitocin Anka da Bukkuyum yana kama dalmar da ke jini ne ya fitar da ita ta fitsari. Amma ba shi da amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Dole sai an fara warkar da gida. Kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan muhalli na jihar Zamfara da matasan ƙauyukan, suka ɗauki fartanya da shebur. Ana auna ƙasa da wata na'urar hannu, a kankare saman da ya gurɓata, a zuba a buhuna a kai rami a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, ana tsere da damina. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Tungar Guru.

Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, amma kuɗin bai fito ba, yara kimanin 1,500 suna zaune ba a iya fara musu magani. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money, ciki har da Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin ceto Bagega a kafafen sada zumunta, kafin a saki kuɗi a farkon 2013, aka yi aikin a shekarar. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28. MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jiha a farkon 2022, bayan ta gwada yara sama da 8,000. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024. Zinariya kuwa ta ninka farashinta na 2010. Dalilin da ya kai dutse tsakar gida yana nan daram.

Ɗakin gwaji na tsakar gida

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. Babu uwar da za ta gano dalma da ido ko da harshe, komai basirarta. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, kuma samar da shi kusa da jama'a nauyi ne a wuyan hukuma. Dora laifi a kan iyayen da suka binne 'ya'yansu zalunci ne a kan zalunci. Abin da gida zai iya bayarwa wani abu ne dabam: ɗabi'ar lura, da ƙirga, da kwatantawa, da yarda cewa abin da ido bai gani ba yana iya kasancewa. Wannan ɗabi'a ita ce tushen kimiyya, kuma ana dasa ta tun yaro bai shiga aji ba.

Kayan aikin suna madafi. A jiƙa zoɓo a raba shi kofi uku. A bar ɗaya yadda yake, a matsa lemon tsami a na biyu, a ɗiga ruwan kanwa a na uku. Na biyu zai ƙara ja, na uku zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Ruwan kanwar da aka tace ya yi garau ba ya nuna komai a ido, ga shi kuwa ya sauya launin zoɓo. Yaro ɗan shekara huɗu zai yi dariya, ya ce a sake, kuma ya tafi da sanin cewa ruwa mai haske ba lallai ne ya zama ruwa zalla ba.

Da hantsi, idan hasken rana ya ratso ta kafar taga, a kakkaɓe tsumman da ya sha garin dawa a cikin hasken, yara su ga yadda ƙura ke iyo ta daɗe ba ta sauka ba. Sannan a jiƙa tsumman a sake kakkaɓewa. Wannan shi ne dukan hikimar da ke cikin niƙa dutse da ruwa maimakon a bushe, wadda aka yi ta koya wa mahaƙa a Zamfara bayan annobar. Ko kuma a shafa wa yaro garin gawayi a tafin hannu, a bar shi ya yi harkarsa na ɗan lokaci, sannan a bi sawu tare: ga shi a riga, ga shi a murfin kwano, ga shi a kumatun ƙanwarsa. A wanke hannu ɗaya da ruwa kawai, ɗayan da sabulu, a goga kowanne a farin ƙyalle. Bayan wannan, "je ka wanke hannu" ya daina zama umarni kawai, ya zama abin da yaro ya ga dalilinsa.

Uwar da ke rege shinkafa a ƙwarya tana aiki da ƙa'idar da mai wanke zinariya ke aiki da ita: mai nauyi ya kwanta, mara nauyi ya bi ruwa. Mai daddawa da mai nono da mai sabulun salo duk suna da ilimin da aka tara ta hanyar gwaji na ɗaruruwan shekaru. Abin da yakan ɓace shi ne kalmar "don me". Yaron da ya cika tambaya mukan ce masa ya cika surutu, alhali mu ne muka ce matambayi ba ya ɓata. Amsa mafi amfani da babba zai bai wa yaro, idan bai sani ba, ita ce: zo mu gwada mu gani, ko zo mu tambayi wanda ya sani.

Tambayar kuma ba ta tsaya a garuruwan haƙa ba. Kwalli na dutse, mai nauyi mai ƙyalli, wanda ake rambaɗa wa jarirai tun ranar suna, yawancinsa ma'adinin dalma ne. A 2012, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa. Da aka gwada tozalin da aka kawo masa daga Najeriya, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido, yana kai hannu baki. Haka batun tsohon baturin mota da ake fasawa a bayan gida, da kayan aikin da uba ke shigowa da su daga rami ba tare da ya sauya ba ko ya yi wanka. Waɗannan, da zaiba, da dutsen haƙa, ba kayan gwajin yara ba ne ko kusa. Darasinsu ɗaya ne: a nisanta su da inda yara ke zama.

A ƙarshe, a koya wa yaro ƙirga abin da ke kewaye da shi, kuma a saurare shi idan ya kawo rahoto. Kajin gidan nan nawa ne jiya, nawa ne yau? Wake nawa muka shuka a gwangwani, nawa suka tsiro, a kwana nawa? Yara su ne ke kora agwagi zuwa kududdufi, su ne ke fara sanin wadda ba ta dawo ba. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne. Amma akwai abin da yaro ke gani saboda yana ƙasa, wanda babba ba zai gani ba sai ya durƙusa. Idan gobe wata yarinya a Bukkuyum ta zo ta ce, "Inna, agwagwarmu ta uku ke nan ta mutu, duk a bakin ramin can suke sha," abin da ake bukata shi ne uwar da za ta ajiye taɓarya ta ce, "Zo ki nuna mini," da ma'aikacin lafiya a kusa wanda zai ɗauki maganar da muhimmanci.